Romon Dutse: Ko Ya Dace A Yi Alfahari Da Abincin Wahala?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mun saba jin wannan karin magana a matsayin yabo ga mai haƙuri, amma ba kasafai mukan tsaya mu tambayi kanmu ba, shin wane ne ya miƙa masa dutse a maimakon nama? Haka kuma, idan Allah ya kawo masa sauƙi nama ya samu, ya kamata ya ci gaba da ɗora dutsen a wuta don tunawa da baya, ko kuwa ya yi jifa da shi ya huta? Wannan tambaya ce ke jiran duk mai tunanin da ya zauna cin abinci a ɗaya daga cikin ƙananan gidajen abinci na unguwannin baƙar fata a ƙasar Amurka, inda ake sayar da girkin da suke kira soul food. Kalmar farko ta wannan suna tana nufin ruhi, don haka a wannan maƙala za mu riƙa ce masa abincin ruhi.

Wannan girki ya samo tushe daga zamanin bauta da shekarun wariyar launin fata da suka biyo baya. Duk da haka, a yau jikokin bayin nan suna tinƙaho da shi, suna gayyatar baƙi su zo su ɗanɗana. Wasu 'yan'uwansu kuma suna ganin wannan tinƙaho kuskure ne babba, suna cewa ba a yin ado da mari. Manufarmu ita ce mu auna hujjojin ɓangarorin biyu, mu ga inda darajar wannan abinci take, da kuma haƙƙin da ke wuyan wanda ya zauna cin sa.

Ɗan Gidan Abincin Unguwa

Kafin mu shiga muhawara, ya kyautu mai karatu ya san irin wurin da ake magana a kansa. Galibi ɗan shago ne a bakin titi, a unguwanni irin su Harlem a birnin Niyok, ko kudancin Shikago, ko yammacin Atlanta. Tebura ba su da yawa, ga dogon kanta mai kujeru a jere, ga hotunan iyali da na shugabannin gwagwarmaya a jikin bango. Sau da yawa iyali guda ne ke riƙe da wurin, uwa ko kaka tana kula da tukwane, 'ya'ya da jikoki suna kai da kawo. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci nan ne ake samun cunkoso, kowa cikin kwalliya. Mai kawo abinci takan kira wanda ya girme ta da lafazin girmamawa, wanda ta girma kuma ta kira shi da irin sunan lele da uwa ke kiran ɗanta, ko da kuwa ranar ta fara ganin sa.

Tsarin cin abincin shi ne mutum ya zaɓi nama iri ɗaya, sannan ya zaɓi mahaɗi biyu ko uku. A ɓangaren nama akwai kaza da aka tsoma a fulawa mai kayan yaji aka soya, da tarwaɗa da aka birkiɗa a garin masara aka soya, da wutsiyar sa da aka dafa har ta yi luguf. Akwai kuma sassan alade, wato ƙafa da haƙarƙari da hanji. A ɓangaren mahaɗi akwai wani ganye ɗan'uwan kabeji da suke kira kolad, wanda ake dafawa tsawon sa'o'i da ɗan ƙyafaffen nama, da wake mai baƙin ido, da kuɓewa, da shinkafa, da dankali mai zaƙi da aka gasa da sukari da man shanu, da makaroni da aka gasa da cuku. Kusan kowane faranti yana zuwa da burodin masara, wanda ake dangwalar romon ganyen da shi. Tsofaffinsu suna ganin wannan romo ya fi ganyen kansa amfani, ba sa yarda a zubar da shi.

Asalin Abin Da Ke Cikin Faranti

Bahaushe ba zai dubi wannan faranti ya rasa abin da ya sani ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Wake mai baƙin ido shi ne waken da muke yin ƙosai da alale da shi, kuma a Afirka aka fara noma shi. Kuɓewa da riɗi da kankana su ma ta hanyar cinikin bayi suka bazu a can. Daga cikin 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi da aka loda a jiragen ruwa a tsawon wannan ciniki, kimanin 388,000 ne aka sauke kai tsaye a yankin da ya zama Amurka. Zuwa shekarar 1860 yawan bayi a ƙasar ya kusa miliyan 4. A gaɓar tekun Karolina ta Kudu, inda noman shinkafa ya azurta Turawa, masu gandu sun fi son bayin da aka kamo daga yankin Senegal da Gambiya da Saliyo, saboda sun san wannan noma tun daga gida. Malama Judith Carney ta kafa hujja a kan haka a littafin da ta wallafa a 2001.

Sauran kayan kuma daga wasu wurare suka zo. Masara ta 'yan asalin nahiyar ce, alade da ganyen kolad kuwa Turawa suka kawo su. Abin da ya haɗa su a tukunya guda shi ne rabon da ubangida ke ba bawansa. Frederick Douglass, wanda ya gudu daga bauta a 1838, ya bayyana a tarihin rayuwarsa na 1845 cewa a gandun da ya tashi, a jihar Maryland, rabon baligi a wata shi ne fam 8 na naman alade ko kifi, wato ƙasa da kilo 4, da awo guda na garin masara. Yara kuwa, a komin katako ake zuba musu dafaffen tsaki a ajiye a ƙasa, su taru a kansa, wani da hannu, wani da ɓawon kawa. Don cike giɓi, bayi sukan yi ɗan lambu a bayan bukka, su kiwata kaji, su yi su da farauta da dare ko ranar Lahadi.

Sai dai kuskure ne a ce duk abincin ruhi ragowar teburin ubangida ne. Masu bincike irin su Adrian Miller, wanda littafinsa ya fito a 2013, sun nuna cewa wasu daga cikin girke-girken nan abincin biki ne, ba na yau da kullum ba. Soyayyiyar kaza ta ranar Lahadi ce ko ranar da aka yi babban baƙo. Wasu kuma daga madafar manyan gidaje suka fito, inda bayi ne masu girki. Alal misali, James Hemings, bawan Thomas Jefferson, ya koyi girki a birnin Faris bayan da ubangidansa ya tafi da shi can a 1784, kuma ana yawan ambaton sa idan ana tarihin makaroni da cuku a Amurka. Ke nan farantin ya haɗa irin da aka zo da shi daga gida, da rabon bawa, da gwanintar da aka koya a gidan ubangida.

Sunan kansa kuwa bai daɗe sosai ba. Tsakanin wajen 1916 da 1970 baƙar fata kimanin miliyan 6 suka yi ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, suna gudun wariya da kisan gilla, suna neman aiki a masana'antu. A can ne kewar gida ta sa abincin kudu ya zama abin marmari. A shekarun 1960, lokacin da baƙar fata suka fara ɗaga kai suna alfahari da launinsu, sai aka raɗa wa girkin wannan suna, kamar yadda aka raɗa wa kiɗansu. Marubuci LeRoi Jones, wanda daga baya ya zama Amiri Baraka, ya rubuta maƙala a 1962 yana kare shi daga masu cewa baƙin Amurka ba su da girki nasu na kansu.

Hujjar Masu Suka

Tun a wancan lokaci aka sami masu ja, kuma ba bare ba ne, 'yan gida ne. Sukarsu ta kasu kashi uku.

Na farko, sukar asali. Elijah Muhammad, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, wadda aƙidarta ta sha bamban da ta sauran Musulmin duniya, ya wallafa littafi kan cin abinci a 1967. Bai tsaya ga hana naman alade ba, har da ganyen kolad da wake mai baƙin ido da burodin masara ya hana mabiyansa, domin a ganinsa abinci ne da aka ɗora wa bayi. A wannan ra'ayi, wanda ya fita daga bauta amma harshensa bai fita ba, da sauransa.

Na biyu, sukar riya. Eldridge Cleaver, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Black Panther, ya yi ba'a a littafinsa na 1968 ga masu hali daga cikin baƙar fata da ke zuwa cin hanji don nuna su ma 'yan gida ne. Ya nuna cewa talakan unguwa tsokar nama yake so, ba kirarin hanji ba. Wannan suka tana da nauyi, domin yabon talauci ya fi sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi.

Na uku, sukar lafiya. Fiye da rabin baligai baƙar fata a Amurka suna fama da hawan jini, kuma ciwon sukari ya fi yawa a cikinsu fiye da farar fata. Abincin da ya dace da mai wuni a gonar auduga, mai gishiri da kitse da sukari, ba lalle ya dace da mai wuni a kan kujerar ofis ko ta mota ba. Ko da yake likitoci ba su ɗora laifin duka a kan wannan girki ba, tunda talauci da damuwa da ƙarancin kulawar asibiti da abincin kamfanoni duk suna da hannu, ba za a ce ba shi da nasa kason ba.

Inda Darajar Take

Idan muka koma ga karin maganarmu za mu ga abubuwa uku a cikinta: akwai dutse, akwai wanda ya bayar da shi, akwai kuma wanda ya dafa. Masu sukar asali sun zuba ido a kan na farko da na biyu, sun mance da na uku. Gaskiya ne rabon bawa wulaƙanci ne, kuma wanda ya auna shi azzalumi ne. To amma ubangida garin masara da ƙashi ya bayar, bai bayar da ɗanɗano ba. Matar da ta dawo daga gona bayan faɗuwar rana, ta wanke hanji sau da yawa har ya yi fes, ta san ganyen da za ta tsinko a bakin daji, ta san yadda ɗan guntun nama zai ratsa tukunya guda har ya ishi mutum goma, ita ce ta kawo abin da ba a ba ta ba. An ɗauke ta a matsayin dukiya, an lissafa ta tare da dawaki da shanu, amma dabba ba ta gyara abin da aka zuba mata. Duk ranar da ta tsaya ta gyara miya, ta ƙaryata wannan lissafi a gaban 'ya'yanta. Saboda haka wanda ya yi alfahari da wannan girki, da kakarsa yake alfahari, ba da mai gandu ba.

Haka kuma, mantuwar da masu suka ke nema ba ta da arha kamar yadda ake zato. Mutanen nan an raba su da harsunansu da sunayensu, an hana su karatu da rubutu da ƙarfin doka a jihohi da dama na kudu. Wanda aka hana alƙalami, a ina zai ajiye tarihinsa? Ya ajiye shi a waƙa da addu'a da tukunya. Waken da ake dafawa da shinkafa ranar farko ta sabuwar shekara don fatan alheri, wata wasiƙa ce da ta ratso ɗaruruwan shekaru daga uwa zuwa 'ya. Idan aka ce a yi watsi da ita don ta zo ta hannun wahala, to wa ya ci riba? Wanda ya yi zaluncin shi ne ya fi kowa son a manta.

Sukar Cleaver kuwa, ita ce ta nuna mana ma'aunin da ya kamata mu riƙe, wato zaɓi. Faranti ɗaya ne, amma cin sa iri biyu ne. Bawa ya ci don ba shi da wani. Jikansa ya shiga shago da ƙafarsa, ya duba abin da ke akwai, ya zaɓa, ya biya da kuɗin guminsa, kuɗin kuma ya shiga aljihun 'yar'uwarsa mai shagon. Abin da ke cikin tukunya bai sake ba, amma matsayin mai ci ya sake. Alfahari da abincin wahala ya dace ne ga wanda wahalar ta sake shi. Inda kuwa har yanzu akwai unguwar da ba a samun ɗanyen ganye da 'ya'yan itace a kusa, inda mai ƙaramin albashi ba shi da abin da zai iya saye sai kitse da sukari, to can dutsen bai sauka daga wuta ba, kuma ba daidai ba ne a yi wa mai dafa shi kirari a bar shi da yunwarsa.

Tebur Da Ƙofa

Akwai wata daraja kuma da ba a cikin tukunya take ba, a bakin ƙofa take. Bayan an haramta bauta a 1865, dokokin wariya sun hana baƙar fata zama a gidajen abincin Turawa a kudancin ƙasar. Wanda ya so saye sai ya zagaya ta ƙofar baya a miƙo masa a takarda. Matafiyi baƙar fata yakan bar gida da soyayyiyar kaza a kwalin takalmi, don bai san inda za a yarda ya ci abinci a hanya ba. A 1936 wani ma'aikacin gidan waya mazaunin Harlem, Victor Hugo Green, ya fara buga ɗan littafin da ke jera masaukai da gidajen abincin da ke karɓar baƙar fata. A irin wannan hali, ɗan shagon unguwa shi ne wurin da dattijo zai shiga ta ƙofar gaba, ya zauna, a gaishe shi da sunansa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji Hausawa, kuma wanda ya wuni ana ɗaure masa fuska shi ya fi sanin haka.

Daga irin waɗannan tebura ne aka tsara yaƙi da wariyar. A Atlanta, 'yan'uwa biyu, Robert da James Paschal, sun buɗe ɗan shagonsu a 1947, ya zama wurin zaman shawara na Martin Luther King da abokan tafiyarsa. Masu shagon sukan yi belin ɗaliban da aka kama a zanga-zanga, su ciyar da su, su bar ƙofa a buɗe har dare don iyaye su jira 'ya'yansu. A birnin Montgomery na jihar Alabama, lokacin da baƙar fata suka ƙaurace wa motocin haya na tsawon kwana 381, daga Disambar 1955 zuwa Disambar 1956, wata mai girki, Georgia Gilmore, ta haɗa mata suna toya kaza da kayan zaƙi suna sayarwa, suna zuba kuɗin a asusun man motocin da ke kai mutane wurin aiki. Da ta rasa aikinta bayan ta bayar da shaida a kotu, sai ta mayar da gidanta wurin sayar da abinci. Ta rasu a 1990.

Ba banza ba ne kuma da ɗaya daga cikin manyan faɗace-faɗacen wancan zamani ya kasance a kan kujerar cin abinci. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu suka zauna a kantar abinci ta shagon Woolworth a garin Greensboro, aka ƙi sayar musu, su kuma suka ƙi tashi. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ce ta haramta wariya a irin waɗannan wurare. Sai dai nasarar ta zo da nata farashi, domin da ƙofofin Turawa suka buɗe, shagunan unguwa da dama sun rasa masu saye. Waɗanda suka rage, irin su na Sylvia Woods, wadda ta sayi ɗan shagon da take yi wa aiki a Harlem a 1962 da kuɗin da mahaifiyarta ta samo ta hanyar jinginar da gonarta, sun rayu ne don mutane sun ci gaba da zuwa bayan an daina tilasta musu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Gado Da Lafiyar Jiki

Saura sukar lafiya, kuma a nan ba mu ga dalilin gardama ba. Idan mun yarda cewa darajar girkin tana ga hikimar mai dafawa, to mun yarda ke nan cewa sake shi ba cin amana ba ne. Abin da kakannin nan suka bari shi ne sanin yadda ake rayar da iyali da abin da ke hannu. Wanda ya nace sai ya zuba kitse da gishiri daidai yadda aka zuba a gandun auduga, alhali yana ganin abin yana kwantar da iyayensa, ya riƙe kwanon ya zubar da abin da ke ciki. Lafiya uwar jiki ce, kuma kakar da ta sha wuya don 'ya'yanta su rayu ba za ta so a mutu don tunawa da ita ba. Ballantana ma abincin yau da kullum na mutanen da ganye ne da wake da masara, nama ɗan taɓawa ne. Wadata ce ta mayar da abincin biki na kullum.

Masu shagunan da kansu sun gane haka. Da yawa sun koma dafa ganye da ƙyafaffen talo-talo a maimakon alade, wasu suna gasa kaza a maimakon soyawa, wasu ma sun buɗe shagunan da babu nama sam. Musulmi baƙar fata kuma suna da nasu shagunan na halal a birane irin su Filadelfiya, inda ake samun girkin nan ba tare da alade ba.

Haƙƙin Da Ke Kan Baƙo

Yanzu sai mu juyo kanmu, domin a cikinmu akwai waɗanda karatu ko aiki zai kai su can, su sami kansu a irin wannan tebur. A wane matsayi za mu zauna? Ba mu zama masu gida ba, tunda ba a yi wannan wahala da mu ba. Ba mu kuma zama bare ɗungurungum ba, tunda ga wakenmu da kuɓewarmu a faranti. Akwai ma wata magana mai ɗaci da bai kamata mu kauce mata ba: Turawa ne suka kawo jirage, amma hannun 'yan Afirka yana cikin kamawa da sayarwa, kuma ƙasashenmu sun san bauta a cikin gida. Wanda ya san wannan ba zai shiga shagon yana hura hanci, yana ganin shi ne ɗan asali su kuwa ɓatattu ba.

Da yawa daga cikinmu addini ya hana mu naman alade, kuma wannan hukunci a fili yake, ba ya bukatar neman afuwar kowa. Haƙƙinmu ne mu tambayi abin da aka dafa ganye da wake da shi, mu bar abin da bai halatta gare mu ba. Amma ƙin cin abu daban, raina mai cin sa daban. Mu tuna cewa a cikin waɗanda aka sauke daga jiragen nan akwai Musulmi masu ilimi, irin su Umar ibn Said, mutumin Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a Karolina ta Arewa. Irin waɗannan bayin Allah sun sami kansu a ƙasar da rabon bawa naman alade ne. Wanda ya yi tunanin halin da suka shiga, tausayi zai riga ƙyama zuwa zuciyarsa.

Haka nan akwai haƙƙin ciniki. Baƙi da yawa sukan je waɗannan unguwanni kamar masu zuwa kallo, su ɗauki hoto, su ci, su tafi. Wasu kuma sukan yi ƙorafin tsada, don sun ɗauka abincin talaka dole ya yi arha, alhali ba sa ƙorafi idan suka biya ninkinsa a gidan abincin Faransawa. Ganyen da aka wanke ɗaya bayan ɗaya aka dafa tsawon sa'o'i aiki ne, kuma tarihin wannan girki gaba ɗaya tarihin aikin da ba a biya ba ne. Mafi ƙarancin abin da baƙo zai yi shi ne ya biya da daɗin rai, ya yi gaisuwa, ya ba mai kawo abinci ɗan ihsanin da al'adar ƙasar ta tanada, tunda a can da shi take cika albashinta.

Kammalawa

A wannan maƙala mun yi ƙoƙarin nuna cewa abincin ruhi ya haɗa irin Afirka da rabon bawa da gwanintar mai girki, kuma masu sukar sa suna da gaskiya a wasu wurare: asalinsa akwai zalunci, yabonsa yana iya zama riya, yawan cin sa kuma yana iya cutarwa. Duk da haka mun ga cewa alfahari da shi ya dace, muddin an san da wa ake alfaharin, muddin mai ci da zaɓinsa yake ci, muddin kuma ba a fifita tsohon ma'aunin gishiri a kan ran mutum ba. Mu ma nan gida ba mu rasa abincin da a da ake jin kunyar a gan shi a kwanon mutum ba, irin su kwaɗon zogale da rama da tafasa, waɗanda suka riƙe iyaye da kakanni a shekarun fari da tsakiyar damina kafin sabon hatsi ya nuna. Yau ga zogale a teburin masu hali ana yabon amfaninsa. Idan mun zo cin sa, ya kamata mu tuna da waɗanda suka ci shi ba don marmari ba, mu kuma duba ko a maƙwabtanmu akwai wanda har yanzu shi kaɗai ne abin da yake da shi.